Zanen Aro: Talaka da Ƙofar Kotunan Duniya

Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawar ƙungiyar ɗalibai a Stains



Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu maza da mata da suka riga mu zuwa ƙasar nan, ƴan'uwana ɗalibai da ma'aikata, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ina godiya da kuka ba ni wannan fage, alhali a cikinku akwai waɗanda suka fi ni shekaru da karatu da sanin duniya. Daga Liyon na taso da sassafe, kuma tun daga tashar Gare de Lyon har jirgin layin D ya sauke ni a Pierrefitte-Stains, tunanina ɗaya ne: yadda zan yi maganar shari'a ba tare da na sa iyayenmu gyangyaɗi ba. Shawarar da na yanke ita ce in fara da labarin mutum, domin ita doka a jikin mutum ake gane amfaninta.

Tambayoyi biyu na zo da su. Ta farko: idan hukumar ƙasarka ta zalunce ka, kotunan ƙasarka kuma suka kasa share maka hawaye, akwai wata ƙofa a sama da su da za ka iya ƙwanƙwasawa da hannunka? Ta biyu: wa ke da ikon buɗe wannan ƙofa ko rufe ta, kuma an taɓa tambayarka kafin a yi?

A shekarar 1996, a jihar Tahoua, an sayar da wata yarinya ƴar shekara 12 mai suna Hadijatu Mani a kan sefa 240,000, wato jaka 240. Wanda ya saye ta ya ajiye ta a matsayin wahaya, abin da wasu ke kira saɗaka: ba a biya mata sadaki ba, ba a ɗaura mata aure ba, amma aikin gida da na gona nata ne, ɗakin maigida ma ba ta da ikon ƙin shiga. Shekara tara ta yi a haka, har ta haifa masa ƴaƴa. A 2003 Nijar ta saka bauta cikin jerin laifukan da doka ke hukuntawa, kuma a ranar 18 ga Agustan 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci. Sai dai da ta tashi tafiya, ya ce ai matarsa ce. Ta kai ƙara Birnin Ƙonni. Kotun farko ta ce babu aure a tsakaninsu, ta sama da ita ta rushe wannan hukunci, magana ta haura har Kotun Ƙoli a Yamai ta sake dawowa. Ana cikin wannan kai-komo Hadijatu ta auri mijin da ta zaɓa da kanta. Sakamakon da ta samu shi ne hukuncin ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure, kuma ta shiga gidan kaso.

Da a ce wannan abu ya faru shekara biyar kafin lokacin, da nan labarin ya ƙare. Amma da taimakon ƙungiyar Timidria da wasu ƙungiyoyin kare haƙƙi na waje, ta shigar da ƙasar Nijar ƙara a gaban Kotun CEDEAO, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya suka fi sani da ECOWAS. Mazaunin kotun Abuja ne, amma saboda mai ƙara ba ta da halin zuwa, alƙalan suka taso suka zauna a Yamai cikin watan Afrilun 2008. Ranar 27 ga Oktoban shekarar suka yanke hukunci cewa an bautar da Hadijatu, cewa hukumomi da alƙalan Nijar sun ga abin sun kau da kai, don haka ƙasa ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati ta karɓi hukuncin, ta kuma biya.

To, ta yaya ƴar ƙauyen da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya tsayar da ƙasa sukutum a gaban alƙali? Ba haka kotun ta fara ba. Yarjejeniyar da ta kafa ta a 1991 gwamnatoci kaɗai ta ba izinin kai ƙara. A 2003 Najeriya ta rufe iyakarta da Benin, wani ɗan kasuwa mai suna Afolabi Olajide ya yi asara, ya kai kukansa kotun, a 2004 aka ce masa ba shi da hurumin tsayawa a gabanta. Wannan ƙara tana cikin abubuwan da suka sa alƙalan kansu da lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula suka matsa lamba, har a watan Janairun 2005, a taron Accra, shugabannin ƙasashe suka sa hannu kan gyaran da ya ba kowane mutum damar kai ƙarar take haƙƙinsa. Gyaran ya zo da wani sauƙi da ba kasafai ake samunsa ba a duniya: ba a sharɗanta wa mai ƙara sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. Wannan sauƙin ne ya ceci Hadijatu, domin lauyoyin gwamnati sun kafa hujja da cewa shari'arta ba ta ƙare a gida ba, kotu ta ce wannan ba sharaɗi ba ne.

Ga wani abin lura. A wancan taro na Accra ne aka ɗora wa Shugaba Tandja Mamadou shugabancin CEDEAO, kuma gwamnatinsa ce Hadijatu ta kayar a 2008. A 2009 ya rusa Kotun Tsarin Mulki ta Nijar a kan maganar tazarce. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi suka tsare. Ina aka kai kukansa? Kotun CEDEAO, wadda a watan Nuwamban 2010 ta ce tsarewar ta saɓa wa doka. Ƙofar da baiwa ta bi, ita shugaban ƙasa ya bi bayan shekara biyu. A Najeriya ma haka aka yi: Kanal Sambo Dasuki, wanda ya riƙe muƙamin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, can ya samo hukuncin a sake shi a 2016. Duk mai riƙe da mulki yau da ke ganin irin wannan kotu ƙaya ce a ƙafarsa, ya tuna cewa duniya rawar ƴanmata ce, na gaba ya koma baya.

Kada mu ɗauka haka sauran kotunan duniya suke. Babbar Kotun Duniya da ke La Haye a ƙasar Holan, sashe na 34 na dokar da ta kafa ta ya faɗa ƙarara cewa ƙasashe kaɗai ke zama masu ƙara ko waɗanda ake ƙara. A gabanta Kamaru da Najeriya suka yi shari'ar iyaka daga 1994 zuwa 10 ga Oktoban 2002. Kowa ya san Bakasi, amma hukuncin ya shafi har Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita a bakin Tafkin Chadi, inda masunta da manoma, cikinsu har da Hausawa, suka wayi gari a ƙarƙashin wata tuta dabam. A gabanta Nijar da Benin suka yi shari'ar tsibirin Lete a 2005, Nijar da Burkina Faso kuma suka daidaita iyakarsu a 2013. Alheri ne babba da aka raba waɗannan gardandami da takarda maimakon bindiga. Amma mutanen da aka ja layi a kan gonakinsu da makiyayarsu ba su cikin masu shari'a. A kansu ake magana, ba da su ake yi ba.

Mutanen Chadi da suka sha azaba a hannun Hissène Habré sun ɗanɗani wannan. Shekara da shekaru suna neman Senegal ta gurfanar da shi, amma ba su da ikon kai Senegal La Haye. Sai da ƙasar Beljiyam ta ari bakinsu ta ci musu albasa, kotun ta yanke a 2012 cewa ko Senegal ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi, sannan aka kai ga hukuncin ɗaurin rai da rai a 2016. Da Beljiyam ba ta ga dama ba fa?

Tamu ta Afirka, wato Kotun Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya, ƙofarta biyu ce. Ƙasa tana iya amincewa da kotun, amma talakanta ba zai shiga kai tsaye ba sai ta ƙara ajiye wata takarda ta musamman a ƙarƙashin sashe na 34, sakin layi na 6. Najeriya ta amince da kotun, ba ta ajiye takardar ba. Lauya Femi Falana ya ƙalubalanci wannan sharaɗi a gaban kotun, a 2012 ta ce ba ta da hurumin sauraronsa. Ƙasashen da suka ajiye kuwa, da hukunci ya fara yi musu zafi sai wasu suka janye: Ruwanda a 2016, Tanzaniya mai masaukin kotun a 2019, Benin da Kodebuwa a 2020. A kudancin Afirka abin ya fi haka muni. Kotun ƙungiyar SADC ta yanke wa gwamnatin Zimbabuwe hukunci a 2008 kan ƙwace gonaki, shugabanni suka dakatar da kotun ɗungurungum a 2010, suka sake rubuta dokarta a 2014 suka cire talaka daga ciki.

Yanzu mu juyo mu dubi wani baƙo da ba ya shan wannan wahala. Tun 1966 akwai wata cibiya a ƙarƙashin Bankin Duniya a Washington, da Faransanci ana ce mata CIRDI, inda kamfanin waje ke iya kai ƙasa ƙara kai tsaye, ba sai ya nemi gwamnatinsa ta tsaya masa ba. Bayan da hukumomin Nijar suka karɓe lasisin Imouraren a 2024, suka kuma karɓe ragamar Somaïr, kamfanin Orano gaban masu sasanci na duniya ya nufa. Najeriya ma ta ga irin nata: a 2017 masu sasanci a Landan suka ce ta biya kamfanin P&ID dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11, sai a Oktoban 2023 wata kotun Ingila ta soke hukuncin bayan ta gano an samo kwangilar da cin hanci. Ba ina yanke hukunci kan wa ke da gaskiya tsakanin Orano da Nijar ba ne. Abin da nake so mu gani shi ne tsarin: mai jari yana da kotun duniya da zai kai ƙasa, amma mazaunin Arlit da ke da kuka kan ruwan shansa ba shi da kotun duniya da zai kai kamfani. Iyalan yaran Kano da aka yi wa gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996 sai kotunan Amurka suka bi, shekaru suna tafiya, kafin a kai ga sasantawa. Ashe dokar duniya ta san yadda ake buɗe wa wanda ba gwamnati ba ƙofa. Zaɓen wanda za a buɗe wa kawai take yi.

Mu da ke zaune a ƙasar nan muna da wani madubi a kusa. A 1994 aka kawo wata yarinya ƴar Togo mai shekara 15 nan Paris, aka karɓe fasfonta, aka sa ta aikin gida shekaru ba albashi ba hutu. Kotunan Faransa ba su hukunta waɗanda suka yi mata haka yadda ya kamata ba. Ta kai Faransa ƙara Kotun Turai da ke Strasbourg, kuma ranar 26 ga Yulin 2005, a shari'ar da aka sani da Siliadin, kotun ta ce dokokin Faransa sun gaza kare ta. Makonni uku ke nan kafin a miƙa wa Hadijatu takardar ƴancinta. A 2013 Faransa ta shigar da bauta da aikin tilas cikin kundin laifukanta da sunayensu. Tun 1998 duk wanda ke ƙarƙashin ikon ɗaya daga ƙasashen wannan yarjejeniya, ɗan ƙasa ne ko baƙo, da takarda ko babu, yana iya kai ƙara Strasbourg da kansa bayan ya gama da kotunan ƙasar. Ma'ana, ni da ke tsaye a nan da katin zama na ɗalibi ina da hanyar kai Faransa ƙara a waje da Faransa. Ƙanwata da ke Maraɗi, wadda a ƙasarta aka haife ta, tata hanyar ta ragu.

Ga yadda ta ragu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, magani da abinci suka yi tsada. Babu wanda ya tambayi ɗan kasuwar Jibiya ko na Ɗan Isa, babu wanda ya tambayi mai jinya a asibitin Zinder. Sababbin hukumomin Yamai da wasu ƙungiyoyi suka kai kuka Kotun CEDEAO, a Disamban 2023 ta ƙi dakatar da takunkumin bisa dalilin cewa gwamnatin soja ba ta da hurumin tsayawa da sunan ƙasa. A cikin watan dai kotun ta ba da umarnin a saki Shugaba Mohamed Bazoum, ba a bi umarnin ba. Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A Satumban 2025 kuma suka sanar da aniyar barin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya.

Na san a ɗakin nan akwai masu murna da ficewar, akwai masu baƙin ciki da ita, kuma ban zo raba wannan gardama ba. Wanda ya ga yadda takunkumi ya gasa talaka yana da dalilin jin haushin CEDEAO. Abin da nake roƙo mu lura da shi ɗaya ne: a cikin kayan da aka fita aka bari har da ƙofar Hadijatu. Yarinyar da za a sayar gobe a karkarar Ƙonni ko Madawa ba ta da Abuja. Abin da ya rage mata shi ne Arusha, domin Nijar ta ajiye waccan takarda a 2021, kuma muddin ba a janye ta ba hanyar tana nan. Sai dai Arusha tana sharɗanta a gama da kotunan gida tukuna, wato sharaɗin da aka nemi a tare Hadijatu da shi.

A nan tambayata ta biyu ta shigo. Ranar da aka buɗe ƙofar a Accra, shugabanni ne suka sa hannu. Ranar da aka saka takunkumi, shugabanni ne suka zauna. Ranar da aka fita, sanarwa aka karanta a talabijin. Sau uku ana yanke abin da ya shafi rayuwar talaka, sau ɗaya ya amfana, sau biyu ya cutu, amma ko sau ɗaya ba a nemi ƙuri'arsa ba. Haƙƙin da sa hannun mutum ɗaya ya ba ka, sa hannun mutum ɗaya zai karɓe. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ku dubi inda ake saƙa waɗannan dokoki. CEDEAO tana da majalisa, amma ba mu muke zaɓen ƴan cikinta kai tsaye ba, majalisun ƙasashe ne ke turo wakilai daga cikinsu. Majalisar Tarayyar Afirka da ke Midrand a Afirka ta Kudu, wadda aka buɗe a 2004, kowace ƙasa wakilai biyar take turawa, kuma aikinsu shawara ne. Turawa kuwa tun 1979 suke zaɓen ƴan majalisar tarayyarsu da ƙuri'a. A Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe biyar ne ke da kujerar dindindin da ikon hawa kujerar naƙi, babu ta Afirka ko ɗaya, duk da matsayar Ezulwini da nahiyar ta ɗauka tun 2005 tana neman kujeru biyu. Wannan kwamiti yana iya tura shari'ar wata ƙasa Kotun Manyan Laifuka, kamar yadda ya yi wa Sudan a 2005 da Libiya a 2011, alhali uku daga cikin biyar ɗin, Amurka da Rasha da Sin, ba su cikin kotun. Rashin dimokuraɗiyya hawa biyu ne a kanmu: a zauren duniya ƙasashenmu ba su da nauyi, a cikin ƙasashenmu kuma mu ba mu da baki kan abin da wakilanmu ke sa wa hannu.

Akwai hujjoji uku da ake kawowa a kan irin wannan magana tawa, kuma ba na raina ko ɗaya.

Ta farko ita ce ɗiyaucin ƙasa: don me alƙalan waje za su yi mana hukunci? Amsata ita ce, ɗiyauci na jama'a ne, gwamnati riƙo take yi. Alƙalan da suka zauna a Yamai ƴan Afirka ta Yamma ne, wadda ta shugabanci zaman, Aminata Mallé Sanogo, ƴar Mali ce, kuma dokar da suka yi aiki da ita Nijar ce ta amince da ita, cikinta har da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'umma ta 1981. Hukuncin bai rage wa Nijar komai ba. Ƴa guda ya mayar mata, wadda kotunanta suka bari a hannun ubangida.

Ta biyu: ana yanke hukunci ba a bi, to mene ne amfaninsa? Gaskiya ne. Dasuki sai a Disamban 2019 aka sake shi, shekara uku bayan hukunci. A 2010 kotun ta ce ilimin firamare kyauta haƙƙin kowane yaron Najeriya ne, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, kuma duk wanda ya bi titunan Kano ko Sakkwato ya san inda maganar ta kwana. Amma hukuncin da ba a bi ba bashi ne rubutacce, lauya da ɗan jarida da ɗan majalisa suna iya bin sa. Bayan shari'ar Hadijatu babu jami'in da zai sake tsayawa ya ce babu bauta a Nijar, kuma a 2019 babbar kotun ƙasar ta haramta al'adar wahaya.

Ta uku: ƙungiyoyin da ke kai irin waɗannan ƙararraki da kuɗin waje suke aiki, wa ya zaɓe su? Wannan ita ce ta fi nauyi a wurina. Ƙungiya ba majalisa ba ce, kuma wanda ya biya kuɗin kiɗa yakan zaɓi taken da za a kaɗa. Sai dai maganin wannan ciwo yana hannunmu: mu kafa namu, mu tara kuɗinmu. Timidria ƴan Nijar ne suka kafa ta a 1991, su suka san ƙauyen, su suka san yarinyar. Idan muna jin kunyar kuɗin lauya ya fito daga Landan, to ya fito daga Stains da Liyon da Marseille.

Saboda haka ina gabatar wa wannan ƙungiya abubuwa huɗu, ta duba ta ɗauki wanda za ta iya.

Na ɗaya, ministocin shari'a na ƙasashen AES sun yi maganar kafa kotun Sahel da za ta duba manyan laifuka da haƙƙin ɗan Adam. Lokacin yin magana shi ne kafin tawada ta bushe. Mu rubuta, da sunan ƙungiya, mu nemi abu uku a cikin dokarta: mutum ya iya kai gwamnatinsa ƙara da kansa, kada a sharɗanta masa gama kotunan gida idan suna jan ƙafa, kuma alƙalai su samu wa'adin da shugaba ba zai iya yankewa ba. Wanda ke goyon bayan AES shi ya fi cancanta ya nemi wannan, don kada sabon gida ya kasa tsohon.

Na biyu, ƴan'uwanmu na Najeriya su tambayi ƴan majalisarsu dalilin da ya hana ƙasar ajiye takardar Arusha. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, kuma tun 1983 aka mayar da Yarjejeniyar Afirka dokar ƙasa. Ƙasar da ta yi wannan, kuma take masaukin Kotun CEDEAO, ba ta da hujjar tsoron Arusha.

Na uku, mu riƙe ƙa'ida ɗaya ko wane ne ke kan mulki: shiga yarjejeniyar da ta shafi haƙƙin jama'a, ko fita daga cikinta, ya bi ta zaɓaɓɓiyar majalisa ko ƙuri'ar raba gardama. Haka nan mu nemi a riƙa zaɓen ƴan majalisun yanki kai tsaye. An taɓa gwada ƙarfin jama'a a kan wannan: a 2009 gwamnatin Gambiya ta nemi a taƙaita hurumin Kotun CEDEAO bayan ta sha kaye a shari'ar ɗan jarida Ebrima Manneh, lauyoyi da ƙungiyoyin yankin suka tashi tsaye, shawarar ta faɗi.

Na huɗu shi ne wanda ba ya bukatar izinin kowa. Hukuncin Hadijatu da Faransanci aka rubuta shi, aka fassara da Ingilishi. Matan da ya fi shafa ba sa jin ko ɗaya. A ɗakin nan akwai masu karatun shari'a, akwai masu harshe, akwai masu murya. Mu ɗauki hukunci biyar, mu mayar da su Hausa mai sauƙi, mu naɗe su a murya, mu aika gida ta WhatsApp da gidajen rediyon karkara. Wanda bai san yana da ƙofa ba, ba zai ji zafin rufe ta ba, balle ya nemi a buɗe. Ni na ɗauki na Hadijatu, kuma ina neman mutum biyu da za su duba mini, ɗaya mai Hausar Ader, ɗaya mai Hausar Kano, don kowa ya ji da kunnensa.

Iyayena da ƴan'uwana, da yawa daga cikinmu za mu koma gida da takardun shaidar karatu, wasu za su zama alƙalai, wasu jakadu, wasu su ne za su riƙe alƙalamin da ake sa hannu da shi. Ranar da aka miƙo wa ɗayanmu takarda a wani zaure na Abuja ko Bamako ko Addis Ababa, ina fata ya tambayi kansa ko yarinya irin Hadijatu za ta iya shiga ta wannan ƙofa, kuma ko an tambayi iyayenta kafin a rubuta.

 Inda na yi kuskure, manya su gyara mini. Mai tambaya kuma, fage nasa ne.